Sharar Rafin Kaiwa

"…lahiya lau nik kwana, sai dai ga shi na buɗe ido da mugun gani. Ina kab baro Goggo?"

"Goggo tana Wurno, ba ta san ɗiyar ƙanenta ta haukace ba. Asta, mi yak kawo ki nan?"

"Ƙahwa."

Ma'azu ya jingina kekensa jikin tsamiya. Dogarin daji ne shi na En'e, da kakinsa da ɗamara da jar dara. Tun jiya aka turo shi Rafin Kaiwa, can cikin gandun dajin da Turawa suka yanke tsakanin Rabah da Goronyo, don ya gyara inda Baturen daji zai kafa tanti. Baturen yana rangadi, kafin azahar zai iso, kuma Malam Lauwali malamin daji, wanda shi ne gaba da Ma'azu, yana tare da shi. Dokar gandu kuwa ko makaho ya san ta: ba sara, ba wuta, ba kiwo. Dabbar da aka samu a ciki sai a kora ta Rabah gaban alƙali, dogarin da ya bari kuma a kwance masa ɗamara.

To, ga abin da Ma'azu ya tarar a inuwar da aka zaɓa wa Bature. Bukka ce tsaye, murhu na hayaƙi, kashin shanu ya rufe fili tun daga gindin tsamiya har bakin ruwa. Ga wata jar saniya kwance da ɗan maraƙinta. A tsakiyar wannan ɓarna kuwa Asta ce zaune a kan turmi, ɗiyar kawunsa, taubashiyarsa tun suna yawo ba wando.

Ita 'yar namiji ce, shi ɗan mace. A al'adar gidansu ɗan mace bawa ne, kuma duk watan cika-ciki sai ya je ya share ƙofar 'yar namiji, ta ba shi ɗan tukuici. Tun ranar da Ma'azu ya sa kaki ya rantse ya bar wannan shara har abada. Yau kuwa watan cika-cikin ne ake ciki.

"Ina Buba? Ina sauran shanun?"

"Mijina ya hi ka hankali. Da yaj ji Nasara na tahe, ya kora su yankin Shinaka tun ba a ga tahin hannu ba."

"Shi yab bar ki ke ɗai?"

"Ya bar ni da Wule, saniyag ga. Ta gurɗe ƙahwa jiya wurin gangara rahi. Ko kana da goyo ka ɗauke ta?"

"Asta, ba wasa nika yi ba."

"Yo dama kai wasa kaka iyawa? Tun kana yaro in anka yi tsere kai ka zuwa ƙarshe, kai da jakin Kawunka mai tari."

"Tashi ki kwashe tarkacenki. Bature nan za shi kwana. Nan, inda kika zaune!"

"Kan turmina? To shi taho, in ga ko ya iya daka."

"In sunka iske saniyag ga, Rabah za a kai ta."

"Da wace ƙahwa?"

"In ba ta tahiya, yanka ta za a yi nan, 'yan dako su ci. Ni kau a tuɓe ni, in koma Wurno da ɗan kamfai."

Nan Asta ta kau da kai daga gare shi. Ta juya ta dubi saniyar, saniyar ma ta dube ta, tana tuƙa a hankali. Ma'azu ya san abin da ke ranta. Shekarar da ciwon bushiya ya share garken kawunsa, tsatson saniya ɗaya ne ya tsira, Wule kuwa ita ce ta rage a hannun Asta daga wannan tsatso. Amma da ta juyo, bakinta bai mutu ba.

"A yanka ƙanwakka kana tsaye?"

"Ƙanwar wa?"

"Taka. Da nonon Goggo yaƙ ƙahe, nonon wa anka ba ka? Ba na kakar Wule ba? Kai da ita uwa guda. Dubi goshinku ma, iri ɗaya."

"Allah shi isam min."

"Ita ta ɗauko kyawon, kai kaɗ ɗauko cin."

"Ke kau kin ɗauko taurin kai. Da Kawu ya san abin da yah haihwa, da ya musanya ki da akuya, ya ci riba."

"Ɗan baduku! Wanka nawa kay yi yau? Har yanzu warin jima nika ji, kaki bai ɓoye shi ba."

"'Yar daji, wadda ta ga mota a Wurno tar ruga tana salati, wai ɗaki na bin mutane."

"Na ji. Ai ni ɗaki nig guje ma. Kai hwa da ɗan maraƙi yak kora har cikin rumbu?"

Ma'azu ya ɗaga kai ya dubi rana. Ta riga ta haye kan itatuwa, inuwar tsamiya ta fara tsukewa. Ya je ya tsuguna gaban saniyar, ya taɓa ƙafar. Ta kumbura sosai, an ɗaure ta da ɓawon itace da tsumma. Ya kama igiya ya ja, Wule ta yunƙura, ta dafa ƙafar, ta koma ƙasa da nishi. Gumi ya keto masa ƙarƙashin dara.

"Bari jan ta! Ba keke ta ba."

"Ko bayan wancan tudu mu kai ta, cikin sabara."

"Shi kau ɗan maraƙin ka ɗaure mai baki? In yay yi kuka har Goronyo sai an jiya."

"Wai mi yas sa duk faɗin dajin ga ba ku ga wurin zama ba sai nan?"

"Bazara ta, malam mai kaki. Nuna min wani ruwa in ba wanga ba. Nan Kawunka ka zango tun Nasara bai san hanyar Sakkwato ba. Shi Baturen naka mi yab biyo? Ba inuwa da ruwa ba? Ashe shi ma Bahillace na, shanu ɗai ya rasa."

Ma'azu ya zauna a ƙasa daɓas, ya cire dara yana fifita. Sai idonsa ya sauka a kan hantsar saniyar, cike take tam. Nan ya tuna ɗaya aiken da aka yi masa. Madarar gwangwanin Bature ta ƙare tun a zangon baya, kuma Malam Lauwali ya ce masa kada ya kuskura a iso Rafin Kaiwa ba madara. Duk rugar da ya biya da safe kuwa sai toka da turaku ya tarar, kowa ya gudu.

"Asta. Tana tatsuwa?"

"Ta hi uwar kowa."

"Ji nan. Ni nik kawo ki. Daga Tursa niɗ ɗauko ki da saniya jiya, don madarar Bature, tag gurɗe a hanya. Saniyar zango ta, ba ta kiwo ba. Kin gane?"

"Kai kak kawo ni? Kai da ko kaza ba ka iya korawa?"

"Ba ki san ni ba, ban san ki ba. In Malam Lauwali yaz zo, ki durƙusa ki gaishe shi, ki gaishe ni."

"In gaishe shi dai."

"Har ni. Ki ce ranka shi daɗe."

"Gara a yanka ni tare da Wule."

"To sai a yanka. Wuƙar kukun Bature na da kaihi, na gan ta."

Asta ta ciji leɓe. Ta tashi daga kan turmi, ta ɗebo ruwa ta kwara wa murhu, hayaƙi ya tashi ya mutu. Sannan ta tsaya ta riƙe ƙugu, ta bi filin da kallo.

"Dabararka ta yi, ban zaci kanka na aiki ba. Amma kashin ga hwa? Saniya guda ta yi wanga duka?"

Ma'azu ya duba. Gaskiya ne, garke guda ya kwana biyu a wurin, kowace saniya kuwa ta bar shaidarta.

"Sai ki share, maza."

"Ni? In share, wa ka wanke ƙwarya? Wa ka tatsa? Wule ba ta sakin nono ga kowa sai ni. Ko za ka gwada, tunda ƙanwakka ta?"

Ta shiga bukka ta fito da tsintsiyar kaba, ta miƙa masa da hannu biyu, kamar mai miƙa wa sarki sanda. Fuskarta ba dariya, amma idanunta kamar ranar salla.

"Karɓi."

"Wagga shara ba irin waccan ba ta."

"Ban ce komi ba."

"Aikin En'e na."

"Awo. Wane wata muka ciki?"

"Ban sani ba."

"Ƙohwar wa ta wagga?"

"Zangon Bature na!"

"Bukkar Bature ta? Turmin Bature na? Shara, bawa. Fara daga gindin tsamiya, nan ta hi yawa."

Ma'azu ya fizge tsintsiya. Ya duƙa da kakinsa da ɗamararsa yana shara, busasshe ya tura da tsintsiya, ɗanye ya kwashe da sakaina, yana kaiwa bayan sabara yana dawowa da gudu. Asta ta saki ɗan maraƙi ya tsotsa kaɗan, ta janye shi, ta tsuguna tana tatsa. Sai dai duk motsin da ganye ya yi sai ta waiga hanya. Bakin ne kawai bai san tsoro ba.

"Ga wani can ka tsallake."

"Yi min shiru."

"Duƙa da kyau. Goggo ba ta koya ma ba?"

"Wallahi in munka hita wanga, sai na sayar da ke ga Buzaye."

"Su ba su sayen abin da yah hi ƙarhinsu. Kai kau ko kyauta anka ba su, sai sun nemi ciko."

Bai samu ya rama ba, don a lokacin ne suka ji kofaton doki daga gabas. Tsintsiya ta tsaya a hannun Ma'azu. Malam Lauwali ne ya yi gaba don ya duba zango, dogon mutum mai ɗan gemu, wanda ba a taɓa ganin haƙoransa a bakin aiki ba. Ya ja linzami, ya dubi bukka, ya dubi saniya, ya dubi jiƙaƙƙen murhu, sannan ya dubi dogarinsa.

"Ma'azu, mi nika gani cikin gandu?"

"Madarar Bature ta, ranka shi daɗe. Daga Tursa nik kawo ta, tag gurɗe a hanya."

Malam Lauwali ya sauka. Ya taka a hankali har bayan sabara, ya tsaya a kan tulin da Ma'azu ya tara, wanda ya kusa kai masa gwiwa.

"Saniya guda?"

"Ci gare ta, ranka shi daɗe."

"Ke, Bahillata. Kin san wanga dogari?"

Asta ta ajiye ƙwarya, ta durƙusa har ƙasa. "Ban san shi ba, ranka shi daɗe. Jiya nif fara ganinai."

Malam Lauwali ya yi gyaran murya, ya juya zai duba inda za a kafa tanti. Magana ta kusa wucewa ke nan. Da Ma'azu ya yi shiru, da shi ke nan. Amma bai taɓa ganin Asta a durƙushe ba tun da aka haife shi, kuma abin ya hau masa kai kamar hayaƙin taba. Ya gyara dara, ya turo ƙirji.

"Ke, ba ki gaishe ni ba."

Asta ta ɗago ido ta dube shi. "Ranka… shi daɗe."

"Ban jiya ba."

"Ranka shi daɗe."

"Madalla. Karɓi tsintsiyag ga ki ƙarasa. Ina kit taɓa ganin dogarin En'e na shara, mace na zaune?"

Ya jefa mata tsintsiya, ta faɗi gaban gwiwarta. Asta ta miƙe tsaye kamar an tsikare ta.

"Aradu ba ni taɓa ta! Kai ɗan mace, bawan gidanmu, sharar da kaƙ ƙi yi shekara da shekaru, yau Allah ya kama min kai, sannan ka ce in ƙarasa ma? Ɗan baduku, ɗauki abinka!"

Sai ta ji abin da bakinta ya faɗa. Ta sa hannu ta rufe shi, amma ya riga ya fita. Daga nesa kuma, can cikin daji, ana jin waƙar 'yan dako tana matsowa.

Malam Lauwali ya juyo a hankali. "Jiya kif fara ganinai."

Sannan ya dubi dogarinsa.

"Ma'azu, ɗiyar wa ta?"

"Ɗiyar kawuna ta, ranka shi daɗe."

"Ka bar danginka sunka yi kiwo cikin gandu, inda Bature za shi kwana, sannan kay yi min ƙarya. Kwance ɗamara."

Ma'azu ya kai hannu ƙugu. Yatsunsa suka kasa gane maɓallin da kullum suke ɓallewa. Ya tuna Goggo a Wurno, yadda take gaya wa kowace baƙuwa cewa ɗanta ma'aikaci ne. Asta ta sake zubewa ƙasa, wannan karon ba wanda ya ce ta durƙusa.

"Malam, bai san ina nan ba sai yau da sahe, na rantse. Tun da yaz zo shika korata. Ni nis shigo, don ruwa. A kai ni Rabah, ni ina da ƙahwa. A bar saniya, a bar mai ɗamaratai."

"Ɗazu kin ce bawanki na."

"Bawana na. Shi ya sa ba mai wulaƙanta shi sai ni."

Malam Lauwali ya daɗe yana kallonta. Ya dubi tsintsiyar da ke ƙasa, ya dubi kakin Ma'azu da ya yi kaca-kaca har gwiwa. Gemunsa ya ɗan motsa.

"Kai na ɗan mace?"

"Ni na, ranka shi daɗe."

"Allah sarki." Ya yi ajiyar zuciya mai nauyi. "Ni ma. Tau taubashiya tana Achida, Kaltume sunanta. Ranar da anka ba ni aikin ga, ina tsakiyar mutane ana yi min barka, taz zo tat tuɓe min takalmi tat tahi da su. Ƙasa nit taka har gida, da rawanina."

Waƙar 'yan dako ta ƙara kusa. Sai ga kukun Bature ya ɓullo a guje da buta a hannu, yana haki, tun daga nesa yana tambaya ko an samu madara, don mai gida ya ce in ya sha baƙin shayi yau ma, kowa zai ji a jikinsa. Malam Lauwali ya ɗauki ƙwaryar Asta, ya duba kumfar da ke kai, ya miƙa wa kuku.

"Ni ban ga saniya ba," in ji shi. "Madarar Bature nig gani, da mai tatsa ta. Za ta zauna nan har Bature shi tashi, ƙahwar ta samu. Ranar da munka tashi, ku tashi. In nid dawo nis sami ko sawun kohwato guda bakin rahin ga, Ma'azu, ba ɗamara ɗai za ka rasa ba. Kun jiya?"

"Mun jiya, ranka shi daɗe."

"Bar maɓallin nan hakanan. Ɗauki tsintsiya, ga su nan tahe." Ya kama linzamin dokinsa, sannan ya waiwayi Asta. "Ke kau tsaya kansa. In ba ki tsaya ba, ba shi sharewa da kyau. Na san halinmu."

Haka aka kafa tantin Bature a kan fili fes, har ya yaba, ya ce bai taɓa sauka a zango mai tsabta irin wannan ba. Da la'asar Ma'azu na bakin rafi yana wanke ƙafafun wandonsa, sai ga Asta da ɗan ƙoƙo a rufe da faifai. Ta ajiye a kan dutse kusa da shi.

"Mi na na?"

"Man shanu. Tukuicin shara."

"Ɗauke abinki. Na ce maki aikin En'e niy yi."

"En'e ta ba ka tsintsiya?"

"Saura kaɗan ki kashe mu da bakin ga naki."

"Wa yaf fara? 'Ban jiya ba, ban jiya ba.' Kurma!"

"Amma dai kin durƙusa. Har ƙasa. Sai na faɗa ma Goggo."

"Faɗa mata. Ni kau in faɗa mata kalar wandonka. Ba ka so? To bari in kai ma Malam Lauwali, shi ya san darajar uwargijiya."

Ta kai hannu za ta ɗauka. Ma'azu ya riga ta, ya rungume ƙoƙon a ƙirji. Ya buɗe faifai, ƙanshi ya buge shi, ya lakata ya kai baki. Ya so ya ɗaure fuska, abin ya ƙi, dariya ta ƙwace masa har dara ta faɗa ruwa.

"Na karɓa, uwargijiya. Allah shi bar mu tare, shi ba Wule lahiya."

"Amin, bawa. Kamo hulakka kahin ta kai Goronyo. Baɗi kuma ka taho da tsintsiyakka, tau ka cinye mata baki."